Abin da ido ya gani, da abin da yatsa ya taɓa

Ƙanena, ka tambaye ni: "Oga, tunda mun sa kalmar sirri da lambar da ake turowa ta waya, me ya sa ka takura mini a kan maɓallin tura kuɗi guda ɗaya?" Tambaya ce mai kyau, kuma gara ka yi ta tun yanzu.

Kalmar sirri tana tabbatar mana cewa mai asusun ne ya shiga. Ba ta tabbatar da cewa abin da idonsa ya gani shi ne abin da yatsansa ya taɓa. A nan ɓarawon yake laɓewa. Zai buɗe shafinsa, ya ɗauko namu ya saka cikin iframe (wato firam ɗin da ake nuna wani shafi a cikin wani), ya mayar da shi garai-garai yadda ba a ganinsa, ya daidaita maɓallinmu daidai kan nasa mai cewa "danna ka ci kyauta". Bawan Allah ya danna. Da ma yana cikin asusunsa, sai sabarmu, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinmu, ta karɓi umarni ba tare da wani aibu ba. Kamar a miƙo maka takarda ka sa hannu, alhali an shimfiɗa kabon da wata yarjejeniya a ƙarƙashinta.

Wannan salon satar dannawa, da ake kira clickjacking, ba sabon abu ba ne. Jeremiah Grossman da Robert Hansen sun bayyana shi a 2008. A 2009 wani maɓalli mai cewa kada a danna shi ya bazu a Twitter, duk wanda ya danna sai saƙon ya fita da sunansa.

A shafin intanet maganin ba shi da wuya. Sabar ta aika Content-Security-Policy da frame-ancestors 'none', ka ƙara X-Frame-Options: DENY saboda tsofaffin burauza; duka biyun umarni ne ga burauza cewa kada ta bari a saka shafinmu cikin iframe. Ka lura, a kan amsar sabar ake sa shi. In ka rubuta frame-ancestors cikin meta, wato a jikin rubutun shafin kansa, burauza ba za ta kula shi ba. Kada kuma ka dogara da 'yar JavaScript ɗin nan mai fizgo shafi daga firam, domin ɓarawo yana sa wa iframe ɗinsa sandbox (saitin da ke taƙaita abin da shafin ciki zai iya yi), shi ke nan ya kashe ta. Kukis ɗin shiga kuma, wato 'yan bayanan da burauza ke ajiyewa don a tuna mutum ya shiga, ka sa musu SameSite, don kada burauza ta aika su daga cikin shafin wani.

Inda na fi son ka buɗe kunne shi ne Android, domin a can masu amfani da manhajarmu suke. Akwai izinin da ke barin manhaja ta fito a saman sauran manhajoji. Masu gaskiya ma suna amfani da shi, kamar kumfar hira ta Messenger da manhajojin rage hasken allo. To ka dubi yadda muke: a tura wa mutum manhaja ta Xender ko WhatsApp, ya saka, duk abin da ta nema ya ce to. Daga nan sai ta shimfiɗa hoto a kan allonmu, yana ganin "rufe talla", dannawar kuma ta ratsa ta sauka kan "tabbatar".

Shi ya sa na ce ka sa filterTouchesWhenObscured="true" a maɓallin. In wata taga ta rufe shi, zai ƙi karɓar taɓawa. Daga Android 12, wadda ta fito a 2021, tsarin da kansa yana toshe taɓawar da ke ratsa irin wannan lulluɓi, an kuma ba mu setHideOverlayWindows, mu kira shi a allon shiga da na biya domin a ɓoye duk abin da ke samanmu. Amma kada ka jingina da wannan kaɗai, wayoyin da ba su kai 12 ba suna nan a hannun jama'a.

Wani abu da yara ke mantawa: mai amfani da manhajar rage haske zai ga maɓalli ya sandare, bai san dalili ba. Kada ka bar shi cikin duhu. Ka nuna masa saƙo cewa wata manhaja ta rufe allon, ya kashe ta ya sake gwadawa.

Akwai kuma salo na biyu, wanda muggan manhajoji irin su Anubis da Cerberus suka yi suna da shi: suna jira ka buɗe manhajar banki, sai su ɗora allon shiga na jabu a kai. Nan tace taɓawa ba ya aiki, domin a tagar ɓarawo mutum yake rubutu. Saboda haka saƙon lambar tabbatarwa ya faɗi adadin kuɗin da sunan mai karɓa, babban ciniki kuma ya nemi zanen yatsa.

Abin da ba na so in ji daga bakinka shi ne "ai shi ya danna". Ya danna abin da aka nuna masa ne, mu kuma muka san akwai wannan kafar.

Gobe ka zo da tsohuwar wayar gwajin nan, ka saka mata manhajar rage haske, ka kunna, ka danna maɓallin a gabana. Ka kuma rubuta ɗan shafi mai iframe ka kira namu a ciki. In ya buɗe, aikinka bai ƙare ba.