Tambaya da Amsa: Na Koma Windows 11, Firinta Ta Tsaya, Haruffa Masu Ƙugiya Sun Ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Kabuga, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kuma galibin masu kawo mini aiki ɗalibai ne da marubuta littattafan Hausa. Kwana huɗu ke nan da na kai kwamfutar shago wurin mai gyara ya ɗora mata Windows 11 a madadin Windows 10. Tun da na dawo da ita firinta ta ƙi bugawa, injin fotokwafi ya daina turo takardun da ya ɗauka zuwa cikinta, tsohuwar manhajar da nake lissafin shago da ita ba ta buɗewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne littafin wata marubuciya mai shafi fiye da 200, wanda duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke, yanzu wasu alamomi ne a gurbinsu. Mai gyaran ya ce in mayar masa da kwamfutar ya yi mata fomatin, wato ya goge duk abin da ke cikinta. Shin in kai ta? Daga mai shago a Kabuga.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Kada ka kai ta fomatin, domin shi ne zai share abin da muke bukata wajen ceto littafin nan. Idan aka ɗora sabon Windows a kan tsoho ba tare da an goge faifan kwamfuta ba, tsohon yakan koma cikin wata folda mai suna Windows.old a faifan C, kuma kwamfuta da kanta takan share wannan folda bayan kwana 10. Ka ci kwana huɗu, saura shida. Saboda haka yau ɗin nan, kafin komai, ka samu filas mai girma ka kwashe ayyukan mutane, sannan ka duba ko foldar tana nan.

Bari in fara da littafin, tunda amanar wata ce a hannunka. Rubutun bai lalace ba. Shekaru da dama masu tsara littattafan Hausa sun riƙa amfani da wasu nau'o'in rubutu (font) na musamman waɗanda aka yi musu dabara: an ɗauki gurbin wata alama da ba a cika bukatarta ba, aka zana ƙ ko ɗ a wurin. Abin da fayil ya adana ita ce waccan alama, nau'in rubutun ne kawai yake nuna ta da siffar harafin Hausa. Da zarar nau'in rubutun ya bar kwamfuta, sai alamar ta bayyana da fuskarta ta asali, wanda shi ne abin da kake gani. Ka buɗe littafin a Word, ka ɗora alamar rubutu a kan ɗaya daga cikin kalmomin da suka rikice, ka dubi akwatin sunan nau'in rubutu da ke sama. Zai nuna maka sunan ko da ba ya cikin kwamfutar. Daga nan ka shiga Windows.old, ka buɗe foldar Windows da ke ciki, sannan Fonts, ka nemo shi da wannan suna, ka kwafo shi ka girka. Idan foldar ba ta nan, ka nemi nau'in rubutun wurin marubuciyar ko wurin abokan sana'arka da ke aikin littattafai.

Sai dai ina roƙonka kada ka tsaya nan, domin wannan ciwo zai dawo duk ranar da aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta ko a waya. Haruffanmu masu ƙugiya suna da gurabensu na kansu a tsarin Unicode, wanda kwamfutoci da wayoyi duka suke ganewa. A Word, idan ka rubuta 0199 a layi na daban ka danna Alt da X tare, zai zama ƙ. 0257 zai ba ka ɗ, 0253 kuma ɓ. Manyansu su ne 0198 da 018A da 0181. Ka yi kwafin littafin, ka yi aiki a kan kwafin, ka yi amfani da umarnin nema da musanyawa ka mayar da kowace alama zuwa harafinta na gaskiya, manya daban ƙanana daban. Musanyawa shida ce, ba za ta ɗauke ka rabin awa ba, amma ka karanta wasu shafuka bayan ka gama, ko da wata alamar tana da aikinta na asali a wani wuri cikin littafin. Windows ma yana da allon rubutun Hausa da za ka iya ƙarawa daga saitin harshe, don sababbin ayyuka.

Ɓacewar nau'in rubutun nan ta sa ina kyautata zaton sabuwar girkawa aka yi maka, wato an ɗora Windows 11 daga tushe, domin sabuntawar da Windows ke yi da kansa yawanci takan bar irin waɗannan abubuwa a wurinsu. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu. Maɓallin komawa tsohon Windows da ke sashen Recovery na saiti, wanda shi ma kwana 10 yake aiki, na wanda ya sabunta ne kai tsaye, ba lallai ka same shi ba. Sannan kuma Windows 10 yana da zubi biyu, tsohon zubi na bit 32 da na bit 64, alhali Windows 11 na bit 64 ne kaɗai, kuma daga na 32 babu hanyar zuwa gare shi sai ta sabuwar girkawa.

A nan matsalar firinta take shigowa. Tsakanin kowace na'ura da Windows akwai ƙaramar manhaja mai yi musu tafinta, wadda masu gyara ke kira direba, kuma direban bit 32 ba ya aiki a Windows na bit 64 ko kaɗan. Faifan da ya zo cikin kwalin firintar shekaru da suka wuce mai yiwuwa ba zai amfane ka ba. Ka buɗe Device Manager, sashen Windows da ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfuta. Duk na'urar da ka ga an lika mata ƙaramar alama rawaya mai kusurwa uku, da alamar motsin rai a tsakiyarta, tana da matsala, galibi ta rashin direba. Ka zare wayar firintar, ka cire sunanta daga jerin firintoci, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ka nemi lambarta daidai yadda aka rubuta a jikinta. Idan babu direban Windows 11, ɗauki na Windows 10 mai bit 64, galibi yakan yi. Ka girka shi tukuna, sai ya nemi ka haɗa waya sannan ka haɗa. Na sha ganin ana sauko da manhajojin da ke alkawarin nemo duk direbobi a lokaci guda, kuma ban taɓa ba kowa shawarar amfani da su ba, saboda ba ka san inda suke kwaso abin da suke zuba maka ba.

Injin fotokwafi kuwa, foldar da yake turo takardu cikinta ta tafi da tsohon Windows, don haka sai an sake ƙirƙirarta, an ba ta izinin rabawa, an sake shigar wa injin sunan kwamfuta da kalmar sirri. Idan an yi haka ya ci gaba da ƙi, to wataƙila tsohuwar ƙa'idar musayar fayil mai suna SMB1 kaɗai ya sani, wadda take a kashe a Windows 11. Ana iya kunna ta, amma ta wannan kafa ce cutar kwamfuta ta WannaCry ta yaɗu a duniya a watan Mayu na 2017, kuma shagon da filas na mutane ke shiga da fita duk wuni bai kamata ya buɗe irin wannan ƙofa ba. Ka nemi sabuwar manhajar cikin injin daga kamfaninsa, ko ka riƙa ɗaukar takardun a filas idan yana da wurin sawa.

Manhajar lissafi ita ce mafi sauƙi. Ka danna maɓallin dama na linzami a kanta, ka shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi ta yi aiki kamar tana kan Windows 7. Idan ta nemi .NET Framework 3.5, wanda wasu tsofaffin manhajoji ke dogaro da shi, yana cikin ƙarin sassan Windows da ake kunnawa. Idan kuwa ta zamanin bit 16 ce, ba za ta tashi ba, sai dai a kwashe bayananta zuwa wata.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Gwale. Kwamfutata ta hannu ce, kuma ta ce ba ta cancanci Windows 11 ba. An ce mini akwai dabarar da ake tsallake sharaɗin. In yarda?

Amsa: Malama, Allah Ya ƙara basira. Ki fara gano sharaɗin da ta faɗi a kansa ta hanyar manhajar PC Health Check ta Microsoft. Ana bukatar ram, wato ma'adanar wucin gadi, na gigabayit 4, wurin ajiya na gigabayit 64, na'urar tsaro ta TPM 2.0, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta kwanan nan, wato a ɓangaren Intel yawanci daga zubi na takwas zuwa sama. Lambar furosesa takan faɗa miki: i5-8250U zubi na takwas ce, i5-6300U kuwa na shida, kuma irin wannan ta biyun ba ta da wuyar samu a cikin kwamfutoci na hannu da ake sayarwa a Farm Centre da Titin Beirut. Idan TPM ce kawai matsalar, sau da yawa tana nan a kashe, mai gyara zai kunna ta daga saitin BIOS, wanda ake shiga kafin Windows ya tashi, cikin minti kaɗan, inda Intel ke kiranta PTT, AMD kuma fTPM.

Idan furosesar ce ta gaza, ban ba ki shawarar tsallakewa ba a kan kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai, domin Microsoft ya bayyana cewa bai lamunce wa irin waɗannan kwamfutoci samun sabuntawa ba. Windows 10 bai daina aiki ba. Tallafinsa na yau da kullum ne ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma an tanadi shirin ƙarin sabuntawar tsaro ga ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Duk ranar da za a yi miki kowace irin girkawa, ki tabbatar an kwashe fayilolinki a filas a gabanki, batirin ya cika, cajar kuma tana jone.