Ko man da ya zube a Apapa zai kai Makoko?

Malam, tambayarka ita ce ko man da ya malala a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas zai iya kaiwa Makoko inda kake saro kifi, kuma ko ana gane hanyarsa kafin ya iso. E, yana iya kaiwa, kuma ana iya hasashe. Ruwan teku yana cikowa ta mashigar jiragen ruwa sau biyu a rana sannan ya janye. In man ya zube lokacin cikowa, ciki zai tura shi. Da damina kuma iskar kudu maso yamma tana ƙara ingiza shi wajenku. Masana kan saka ƙarfin iska, lokacin cikowar ruwa da irin man a kwamfuta, ta nuna gaɓar da za a fara tarewa.

Amma fa hasashen ba ya amfani sai an kai rahoto da wuri. Da ka ga ruwa yana ƙyalli kala-kala, ko raga ta fito da baƙin maiƙo, a sanar da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai a Najeriya ranar, da wurin da lokacin. Na sha ganin ana jira har man ya shige cikin itatuwan bakin ruwa, kuma daga nan fitar da shi sai a hankali. Kifin da ke warin gas kuwa, don Allah kada ka kai wa mutane.