Amsa kan amfanin Majalisar Dokokin ECOWAS wajen sulhu

Malam, ka tambaya ko Majalisar Dokokin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tana da wani amfani wajen sasanta ƙasashenmu, ko kuwa taro ne na karɓar alawus kawai. Na yi shekaru ina aikin tafinta a gefen zamanta a Abuja, don haka zan faɗi abin da idona ya gani.

An ƙaddamar da ita a Bamako a shekarar 2000, kafin Nijar da Mali da Burkina Faso su fice daga ƙungiyar tana da kujeru 115, 35 na Najeriya, 6 na Nijar, kuma tsohon shugaban Nijar Mahamane Ousmane ya taɓa shugabantarta. Ba ta da soja, ba ta saka takunkumi. Wannan hurumin shugabannin ƙasa ne. Ƙarfinta yana cikin sanayya. Na sha ganin ɗan majalisa daga Katsina da takwaransa daga Maraɗi sun ajiye Turanci da Faransanci bayan an tashi zama, sun koma Hausa, suka warware cikin rabin awa maganar shingen kan iyaka da ta gagari wasiƙun ma'aikatu wata da watanni.

Abin da ya fi tabbatar mini da darajar 'yan majalisa shi ne juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Lokacin da shugabannin ƙungiyar suka yi barazanar amfani da ƙarfin soja, sanatocin Arewacin Najeriya, waɗanda jihohinsu bakwai daga Kebbi zuwa Borno suke iyaka da Nijar, suka fito suka nuna rashin amincewa, Majalisar Dattawan Najeriya kuma ta nemi Shugaba Tinubu ya bi hanyar tattaunawa. Sun san wanda harsashin zai samu, domin surukansu da abokan kasuwancinsu suna tsallaken iyaka.

Sai dai akwai raunin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ba jama'a ne suke zaɓar wakilan kai tsaye ba, majalisun ƙasashe ne suke turo su, saboda haka da zarar soja sun rushe majalisar wata ƙasa, wakilanta sun rasa madogara a daidai lokacin da aka fi buƙatar bakinsu. Shi ya sa sarakuna da malamai ne suka samu shiga Yamai a wancan lokaci. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, kujerunsu babu kowa, kuma hirar da ake yi bayan tashi daga zama, wadda nake ganin ta fi komai amfani, ta yanke.