Kwamfutocin shago na kan kebul, intanet kuma na MiFi: yaya za a haɗa su?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu da rajistar jarrabawa a Zariya. Kwamfutocin tebur shida ne, an haɗa su da kebul zuwa swic ɗaya, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci ta kebul, saboda firinta. Intanet ɗina MiFi ne, ƙaramar na'urar nan mai layin waya da ke ba da Wi-Fi, su kuwa ba sa kama Wi-Fi. Sai na saya wa kowacce abin kama Wi-Fi ke nan?

Amsa: Ba sai ka yi wannan ɓarnar kuɗin ba, Malam. Tunda swic ya riga ya tara su wuri guda, ƙofa ɗaya kawai za a buɗe wa intanet, kowa ya samu ta nan.

Cikas ɗin shi ne yawancin MiFi ba su da ramin kebul. Don haka abin da na fi so ka yi shi ne ka nemi rauta, wato na'urar raba intanet, ta 4G mai ɗaukar layin waya, wadda ke da ramin kebul (LAN) a baya, irin Huawei B311. Ka sa layinka, ka ja kebul daga LAN zuwa swic, shi ke nan. Idan kuma MiFi ɗin kake son ci gaba da amfani da shi, akwai ƙananan rautoci, ciki har da wasu na TP-Link, masu tsarin Client ko WISP. Su za su kama Wi-Fi ɗin su sauke shi ta kebul.

Akwai hanyar da ba ta cin ko sisi in kana da laftof. Ka haɗa ta da MiFi, ka sa mata kebul zuwa swic, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta ncpa.cpl. Danna dama a kan Wi-Fi, ka shiga Properties, sannan Sharing, ka ba da izinin rabawa. Laftof ɗin za ta ɗauki adireshin 192.168.137.1, wato lambar da sauran na'urori ke gane ta da ita, ta riƙa raba wa sauran intanet. Amma ni maleji na ɗauki wannan: da an rufe laftof ɗin kowa ya tsaya, kuma a Windows 10 rabawar kan ƙi tashi bayan an sake kunnawa. Ranar cunkoson rajistar JAMB ba ranar wannan ba ce.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne adireshi. In akwai tsohuwar rauta a shagon tana raba adireshi, sabuwa ma tana rabawa, sai ka ga wata kwamfuta na shiga intanet wata ta ƙi. Liman biyu ba sa jan sallah ɗaya, kashe DHCP na tsohuwar, wato tsarin da ke raba adireshin. Duba firintarka ma. Idan an kafe mata adireshi mai farawa da 192.168.1, rautar Huawei kuwa tana raba 192.168.8, firintar za ta ɓace wa kowa sai an sauya mata.

Tambaya: Ofishinmu na biyu na ƙetaren harabar makaranta. Kebul zai kai?

Amsa: Kebul irin Cat5e da Cat6 iyakarsu mita 100. In ya wuce haka, sa wani swic a tsakiya. Kuma a kowace kwamfuta ku kunna Metered connection, saitin da ke taƙaita cin data, domin Windows ba ta ɗaukar intanet na kebul a matsayin data mai ƙarewa, za ta yi ta sauke sabuntawa son ranta.