Yadda ake fitar da rufi mai gangare ɗaya a SketchUp

Tambaya: Ina zana ɗakin ajiya a SketchUp, manhajar zanen gini a kwamfuta, tsawo mita 4, faɗi mita 3, kuma rufin da nake so shi ne wanda ruwa ke gangarowa ta gefe ɗaya. Na zana rufin a kwance, na karkata shi da Rotate, sai bangon ya murɗe, rufin kuma bai kai ɗaya bakin ba. Ina matsalar take?

Amsa: Matsala biyu ce ta haɗu maka, kuma duka daga karkatarwar suka fito. Ta farko, a SketchUp duk layi ko fuskar da ba a killace cikin rukuni ba tana manne wa abin da ta taɓa, shi ya sa da ka juya rufin ya ja bango ya tafi da shi. Ta biyu lissafi ne. Allon da aka jingina a karkace ba ya rufe faɗin da yake rufewa a kwance. Rufin mita 3, idan bakinsa ɗaya ya tashi da santimita 50, abin da zai rufe bai wuce mita 2.96 ba. Santimita 4 ɗin da suka ɓace su ne giɓin da kake gani.

Shawarata ita ce ka bar Rotate gaba ɗaya a wannan aikin, bangon ne zai ba ka gangaren. Zana ƙasan ɗakin da Rectangle, ka ɗaga shi da Push/Pull zuwa tsayin bangon da ruwa zai gangaro ta kansa, a ce mita 2.2. Sai ka zaɓi layin saman ɗaya daga bangon biyu masu tsawon mita 4, shi kaɗai, ka ɗauki Move, ka danna kibiyar sama a madannai domin motsin ya tsaya kan shuɗin layi, wato na tsaye. Ja sama kaɗan, rubuta 0.5m, danna Enter. Saman zai kwanta a gangare, bangon gefe biyu kuma su bi shi ba tare da sun karye ba. Kada ka raina danna kibiyar nan. Idan linzami ya ɗan kauce, layin zai tafi gefe, bangon ya jirkice, kuma ido ba ya saurin gane hakan sai an zo saka ƙofa.

Tashin santimita 50 a kan mita 3 shi ne gangaren 1:6, kusan digiri 9.5. Na fi son a yi aiki da tashi da faɗi maimakon digiri, don su kafinta zai auna da tef a wurin gini. Kafin ka tsayar da adadin, duba mafi ƙarancin gangaren da masu ƙera kwanon da za ka saya suka yarda da shi, saboda rufin da ya kwanta da yawa yana mayar da ruwa ta mahaɗar kwano.

Yanzu danna ɗakin sau uku a jere, ka mayar da shi rukuni da Make Group. Da Line, bi kusurwoyi huɗu na saman har fuska ta fito, ka ba ta kauri da Push/Pull. Wannan kayan aikin yana tura fuska ne daidai inda ta fuskanta, don haka idan ka kama siririyar fuskar bakin rufin ka ja, za ta bi gangaren da kanta. Ja ta santimita 30 ko abin da ya yi maka, a duk gefe huɗu, don ruwa ya zuba nesa da bango. Shi ma rufin ka yi masa rukuninsa.

Wajen sayen katako, auna a kan gangaren da Tape Measure. Daga bango zuwa bango za ka samu mita 3.04, sannan ka ƙara fitowar baki biyu.