Shirun Fafaroma Pius na 12 kan kisan Yahudawa

Malam, kana tambaya ko gaskiya ne Fafaroma Pius na 12 ya yi shiru lokacin da 'yan Nazi masu mulkin Jamus ke kashe Yahudawa. A bainar jama'a, e, ya yi. A jawabinsa na rediyo na Kirsimetin 1942 ya ambaci dubban ɗaruruwan mutane da ake hallakawa saboda ƙabilarsu, amma bai kira sunan Yahudawa ko Jamus ba. Ranar 16 ga Oktoba 1943 aka kame Yahudawan birnin Rum, aka tura sama da 1,000 sansanin kisa na Auschwitz, 16 kaɗai suka dawo, bai fito ya yi tir ba.

Sai dai ka raba furucinsa da abin da aka yi a ɓoye, nan mutane ke rikicewa. Gidajen sistoci da limaman coci a Rum sun ɓoye dubban Yahudawa, gardamar ita ce ko da umarninsa ne. Amma hujjar "bai sani ba" ta yi rauni tun da Fadar Vatican ta buɗe takardun zamaninsa a Maris 2020: an gano wasiƙar 14 ga Disamba 1942 da wani limami Bajamushe, Lothar König, ya aika wa sakataren Fafaroman yana bayyana kisan da ake yi a sansanin Belzec.