Amsa ga mai son shuka karas a baƙar laka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko rabin fadan ɗin (fadan ma'aunin gona ne, kimanin eka ɗaya) da kake da shi kusa da Sinnar a Sudan, inda dawa da auduga suka yi kyau, zai karɓi karas idan sanyi ya shigo. Shawarata ita ce kada ka sayi iri sai ka haƙa ƙasar ka duba cikinta, domin kyan dawa ba shaida ba ce a kan karas.

Na daɗe ina noman lambu a Maiurno, garin da ke kusa da Sinnar, kuma karas ɗina na farko a baƙar laka irin ta yankin Jazira na zuba shi, wadda ke tsagewa da rani har hannu ya shige. Ganye ya yi shar, amma ranar cira sai ga saiwa gajera, mai ƙafa biyu ko uku, wasu kuma suka karye a ƙasa. Lakar tana maƙalewa idan ta sha ruwa, ta ƙanƙame idan ta bushe, ga ɓawon da take yi a sama yana danne ƙwayar da kan kai mako biyu kafin ta tsiro. Da na koma jarif, wato turɓayar da kogin Nil Shuɗi ke bari a gaɓa bayan ruwa ya janye, irin nan dai ya ba ni karas miƙaƙƙe.

Ka haƙa rami mai zurfin santimita 40 a wurare uku na gonar. Ka jiƙa ƙasar da ka fitar, ka dunƙula, ka murza tsakanin yatsu: idan ta miƙe kamar igiya tana sheƙi, laka ta yi yawa, idan ta dunƙulu amma ta wargaje da ɗan dannawa, ita ake nema. Sannan ka cika ramin da ruwa da yamma, idan ka tarar da shi kwance da safe, saiwa za ta ruɓe a wurin. Farin gishiri a bakin kunya ma abin gudu ne, domin karas ba ya jure shi kamar auduga.

Idan lakar ce kaɗai gare ka, ka ɗaga kunya sosai, ka zuba takin da ya ruɓe sarai, saboda ɗanyen kashin shanu yana raba saiwa. Ka nemi iri mai gajeriyar saiwa irin Chantenay, ka shuka a Nuwamba, kuma bana ka gwada ƙirat biyu kawai (ƙirat 24 ke cikin fadan ɗaya), sauran ka bar wa albasa.